Fuskar Kawu da Ban Ɗauka Ba

Wanda ya ba mu Kawu ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, a gidansa na Cadawa, gero yana tsaye a gona ba a kai ga yanka ba. Daga gare shi muka zo, wurinsa kuma kowa ya nufa. Ina Gidan Rumji saƙo ya iske ni, kafin in sami mota in iso har an kai shi makwancinsa.

Na sha zaman makoki, amma irin wannan ban taɓa gani ba. Mace za ta shigo ta durƙusa ta yi gaisuwa, a shafa fatiha, sai ka ga ta fara kwance bakin zane. Wata tsohuwa daga wajen Tibiri ta fiddo hoto bai kai tafin hannu ba, gefensa duk ya ci, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Wanga maigidana ne," in ji ta. "Marigayi kawunki ya ɗauke shi a kasuwa, shekarun da anka fara neman hoto a buro, ofishin gwamnati. Ba mu da wani abu nai sai shi. Jikoki nai da wanga sunka san shi."

Daga zaure ma haka. Maza suka riƙa aiko da nasu cikin faifai don matan gida su gani: wani bafillace daga Sae Sabuwa da sandarsa a kafaɗa, wani mahauci na Gazawa, wani dattijo da ya ƙi cire malafa. Yawancinsu sun riga Kawu tafiya, amma ga su a faifai suna kallonmu, kowace fuska a fili har kana iya ƙirga tsagen kumatu.

Autar Kawu, malamar lakol ce, wato makarantar boko, taubashiyata kuma, ba ta taɓa raga mini ba ko a ranar kuka. Ta juyo ta ce, "Yaya, ke kika gaje shi. Duk ƙasar nan ya bar musu fuskokin iyayensu. Ina tasa? Hoton da ke jikin katinsa na shaida ruwa ya cinye tun shekarar da ɗakinsa ya faɗi, hatimi kaɗai ya rage."

Aka zuba mini ido. Na ce a bari a yi addu'ar uku tukuna. Na san hoton Kawu guda ɗaya ne a duniya, na san yana ƙasan adakata, na kuma san abin da ke cikinsa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don bakina ya kasa faɗa a ɗakin nan.

Kawu ƙanen Inna ne, ciki ɗaya. Ya tafi cin rani Katsina, inda kakanninmu suka fito, kowa yana jiran ya dawo da turamen atamfa, sai ga shi da akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin hannun riga a manne a bayansa. Lokacin Nasara sun naɗe tutarsu ke nan an ɗaga tamu, kuma duk mai son tafiya ko neman aiki ko wata takarda a buro sai a ce ya kawo hoto. Kawu ya ɗora akwatin a jaki ya shiga bin kasuwanni. A cikin akwatin yake wanke hoton, hannunsa a cikin baƙin hannun rigar nan, idonsa a sama kamar mai laluben allura a buhu. Takardar farko takan fito a juye, baƙin mutum ya zama fari fat, sai ya kafa ta gaban akwatin ya sake ɗauka, sannan mutum ya fito da kamanninsa. Kowane hoto takarda biyu yake ci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mutum ne mai taurin kai, Allah ya gafarta masa, kuma a kan haske taurin kan ya fi tsanani. Da rana ta take tsaka sai ya yafa wa akwati buhu ya tafi shan fura, ko layi ya kai bakin kasuwa. Wani jandarma ya taɓa zuwa da azahar yana sauri, Kawu ya ce ya dawo bayan la'asar. Jandarma ya daka tsawa, Kawu ya ce to, zauna. Hoto ya fito, bakin hula ya jefa inuwa, idanu sun zama ramuka biyu, hanci yana ƙyalli. Mutumin ya duba, ya sake dubawa, ya sa a aljihu ya tafi. Bayan la'asar sai ga shi ya dawo ya bi layi, har da sallama.

Ba ya ajiye mutum gindin itacen bedi, wai hasken da ke ratsowa ta ganye yana mai da fuska zabuwa. Inuwar bango yake nema, mai faɗi, wadda sama ke buɗe a gabanta. Yana da wani farin ƙyalle da yake shimfiɗawa a ƙasa daidai inda rana ta tsaya, sai haske ya tashi daga ƙyallen ya shiga ƙarƙashin haɓa da cikin ido. Yakan ce takardar Nasara ba don fatarmu aka yi ta ba, sai an lallashe ta. Kafin ya dubi mutum sai ya dubi abin da ke bayansa, tun ranar da ya ɗauki wani sarkin noma hoto ya fito da jinkar rumbu a bisa kansa kamar ya sa hula biyu. Kuma ba ya buɗe murfin idon akwatin sai ya ja mutum da hira, ya tambayi gona, ya tambayi farashin wake, har kafaɗun mutum su sauka.

Ni na shigo cikin sana'ar ne ta ƙofar baya. Aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina zaune, ga baki ga zuciya, kowa yana kaffa-kaffa da ni. Kawu kuma yana da matsala: matan manyan gidaje suna son hoto, namiji ba ya shiga. Wata safiya ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, tunda kin iya kallon mutane da ido guda, zo ki yi shi inda za a gode miki." Mutane sun yi magana, mace da akwatin hoto, ya ce su yi ta yi.

Kwana uku yana nuna mini yadda ake sa takarda da yadda ake wanki. Ya ce in na buɗe murfi in yi bisimilla cikakkiya a zuci sannan in rufe, in inuwa ta yi kauri in yi biyu. Rana ta huɗu da hantsi ya sa farar rigarsa ta salla, ya ɗauki kujera ya ce, "Yau ni za ki ɗauka. Ajiye ni inda kika ga dama, ba ni cewa komi."

To ni ɗiyar gidanmu ce. An koya mini ba a zaunar da babba yana fuskantar rana, sai na juya kujerar rana ta koma ƙeyarsa. An koya mini ba a tsura wa babba ido, sai na leƙa ramin akwatin na daidaita riga da hula, na kauce wa abin da ke tsakaninsu. An koya mini ba a tsai da babba yana jira, sai na buɗe murfi na rufe kafin in kai rabin bisimilla. Ladabi uku na yi masa a jere, kowanne ya ci wani abu daga hoton.

Da ya fito, ga riga fara tas, ga hula, ga kunnuwa biyu da rana ta zagaye. A tsakiya kuwa baƙi ƙirin, babu ido babu hanci. Kawu ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

"Mi kika duba, ɗiyata?"

"Rigarka, Kawu."

"Rigar kam ta gode. Yaya za ki ɗauki huskar da ba ki duba ba? Kunya ki bar ta a zaure, in kin gama aiki ki ɗauki abinki."

Na roƙe shi ya yaga, ya ƙi. Na ce to ya zauna in sake, ya ce sai wata rana, takarda tsada gare ta. Sai ya manna shi a jikin akwatin, cikin hotunan da yake nuna wa masu zuwa. Kasuwa bayan kasuwa mutane suna tambaya wannan fa wane ne, yana cewa, "Ni ne, aikin ɗiyata." Da shi yake koya wa kowa inda ba a ajiye rana. Na ji haushi ƙwarai, amma ban sake ɗaukar mutum ban dube shi ba. Kafin shekara ta zagayo babu tsakar gidan da ban shiga ba daga Cadawa har Gazawa, kuma shi da kansa ya ce hannuna ya faɗa.

Yanzu sai maganar Inna, wadda ita ce ta raba mu.

Ni ce 'yar farinta. Yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da ni ba, in na shigo ta wannan ƙofa idonta yana waccan. Kaka ce ta yaye ni ta riƙe ni. In Inna tana son in yi abu sai ta ce wa bango, "A ce wa waccan ta kwashe shanya." Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Da na dawo daga gidan miji, kullum sai in tarar da kwanon tuwo a rufe a bakin ɗakina, da man shanu a kai, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Haka aka yi mata, haka ta yi mini, ban taɓa ganin laifinta ba.

Wata damina tari ya kama ta, ta fara ramewa. Kawu ya zo ya ce lokaci ya yi da za a yi mata hoto. Ruwa ya yanke hanya, takarda ba ta iso daga Maraɗi ba, biyu kacal suka rage a akwati, daidai hoto ɗaya. Ya ce ni zan ɗauka.

Na ce, "Kawu, ka san ba za ta dube ni ba. Kai ƙanenta ne, ka ɗauka."

Ya ce, "Ke za ki ɗauka."

Na roƙe shi har da hawaye. Ya kafe, irin kafewar da ya yi wa jandarma. Muka jira la'asar, muka kai kujera inuwar bangon ɗakinta, muka kawar da turmi daga bayanta, ya shimfiɗa farin ƙyalle. Ban taɓa ganin haske mai kyau irin na ranar nan ba. Inna ta fito da zanenta na saƙi ta zauna, Kawu ya tsaya kusa da ni yana ja mata hirar yarinta, har ta yi murmushi. Na leƙa ramin akwatin na ga fuskar uwata sosai, karo na farko. Sai ya matsa gefe ya ce, "Yaya, dubi nan, dubi ɗiyarki."

Na buɗe murfi, ita kuwa ta kau da kai.

Abin da ya fito zane ne da hannuwa biyu a kan cinya, fuskar kuma ta shafe kamar an goga yatsa a danyen lalle. Kawu ya ce babu komi, takarda na zuwa mako mai zuwa. Takarda ta iso kwana biyu bayan mun rufe Inna.

A zaman makokinta, gaban mutane, na ce masa, "Kai ka hana ni fuskar uwata. Da ka ɗauka da kanka da yanzu tana hannuna." Ya ɗauki takalmansa ya fita. Na bi akwatin inda yake jingine, na ɓamɓare hotonsa marar fuska na tafi da shi, don kada ya ƙara yin dariya da sunana. Daga baya na yi aure Gidan Rumji, na sayi ƙaramar kyamara ta ratayawa, na ci gaba da ɗaukar mata da duk abin da ya koya mini. Tsakanina da shi kuwa sai gaisuwar salla, ita ma daga bakin ƙofa. Na riƙe wannan fushin fiye da rabin rayuwata, kuma in faɗi gaskiya, na riƙe shi da kyau, don ni ma jininsa ce.

Labarinsa yana iso mini. An ce samari masu sababbin kyamarori suna zuwa bukukuwa, in sun nufo shi sai ya rufe fuska da hannun riga ya ce, "Ina da mai ɗaukata. Ta fara aiki ba ta gama ba." An ce yanar ido ta rufe masa gani. Sau uku yana aiko mini da saƙo ɗaya: ki zo ki gyara aikinki. Na ce bayan girbi, na ce bayan salla, na ce sai ƙafata ta yi sauƙi.

Wata biyu kafin rasuwarsa na je. Kyamara tana cikin jakata, da fim sabo. Na tarar da shi bayan la'asar a inuwar bango, a kan kujera, da farar riga, an shimfiɗa wani tsohon farin ƙyalle a gabansa. Bayansa babu turmi babu igiyar shanya.

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Kawu."

"Ɗiyata mai baƙin hoto. Kin ga hasken? Ni ba ni ganinsa, amma ina jin shi a goshi."

Na durƙusa gabansa. Tunda ba ya gani, babu kunyar da za ta hana ni, sai na dube shi sosai. Tsufa ya zaftare naman fuskarsa ya bar ƙashi, kuma ƙashin na Inna ne. Goshinta ne, da dogon hancinta, da yadda leɓenta na ƙasa ke ɗan karkata hagu. Ga fuskar uwata tana kallona kai tsaye ba ta kau da kai ba. Na kasa ko buɗe jakar.

Ya ce, "Ranar nan ba hoton nike nema ba. So nike ta dube ki sau ɗaya kahin ta tahi. Na ɗauka in ke ce a bayan akwati dole ta duba. Na yi wauta da takardar ƙarshe, kuma ba tawa ba ce, taki ce. Ki yahe mini."

Na ce na yafe, da wata murya da ban san ta ba.

"Kin zo da abin aikin?"

Har yau ban san abin da ya shiga bakina ba. Na ce, "Na manta da shi, Kawu."

Ya karkato kunne wajen jakata. Mutumin da ya yi shekaru yana jin ƙarar ƙarfe a jakar mai hoto, ban ce bai gane ba. Ya ce, "Babu komi. Kin dai duba?"

"Na duba."

"To kin yi rabin aikin. Ki dawo ki ƙarasa, kada ki daɗe."

Na yi niyyar dawowa, Allah ya sani. Na ce bari zuciyata ta kwanta tukuna in zo. Ina wannan jiran saƙon Talata ya iso.

Ranar addu'ar uku na kira autar Kawu ɗaki na ba ta hoton. Ta daɗe tana kallon riga da hula da baƙin da ke tsakiya. Na zaci za ta yi mini tsiya irin ta taubasai, da ta yi da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Kin san kullum la'asar sai ya sa an kai shi bangon nan an shimfiɗa ƙyallen? Tun bara. In rana ta faɗi ya ce a mai da shi, yau ma ba ta zo ba." Ta sa hoton a cikin littafinta ta fita.

Ga abin da zan iya ba jikokinsa, tunda takarda ba ta samu ba. Dogo ne, baƙi, mai faɗin goshi. Yana da tsage uku-uku a kumatu da suka kusa shafewa, da wani ɗan tabo a girar dama inda ƙafar akwati ta taɓa bugunsa. In zai yi dariya idonsa na hagu ke fara rufewa, saboda shekarun leƙen rami. Wanda ya san Inna ya san shi. Waɗanda suka san su biyun kuwa ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kullum raguwa muke.

Ni ma ina da 'yar fari. Ta yi aure, ta haifi huɗu, furfura ta fara fito mata, kuma ban taɓa kiran sunanta ba. Da muka dawo Gidan Rumji na jira la'asar, na kai kujera inuwar bango, na kawar da turmi, na shimfiɗa farin zane inda rana ta tsaya. Na miƙa mata kyamarar da fim ɗin da na tanada don Kawu a ciki, na nuna mata inda za ta danna. Ta tsaya tana kallon ƙasa, ni ma wuyana yana ja gefe da kansa, ƙarfinsa har ya ba ni tsoro. Na riƙe kujerar da hannu biyu, na kira ta da sunan da aka raɗa mata, na ce ta ɗago.

Hoton bai yi kyau ba, kyamarar ta motsa a hannunta, ni kuma ina kuka. Amma akwai ido biyu a ciki, kuma ita suke kallo.

Allah ya haskaka kabarin Kawu da hasken da ya fi na la'asar, ya haɗa shi da yayarsa a inuwar da ba ta gushewa. Ni kuma ya yafe mini ƙaryar da na yi wa makaho, jakata a kan cinyata.